Kaushi Kamar Samfefa

Idan mutum ya tashi daga Sakkwato ya bi babbar hanyar da ta nufi Jega, zai wuce Boɗinga da Shagari, kafin ya kai Tambuwal sai ya iske garin Dogon Daji. Mutanen wannan ƙasa, har zuwa Kebbe da ƙauyukanta, yawancinsu manoma ne da makiyaya. Suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa, suna kiwon shanu da tumaki da jajayen awaki. Ni kuwa aikina shi ne in zaga makarantu, in duba littattafan yara, in ga yadda karatu yake tafiya.

Wata rana da hunturu na sauka wata makaranta a wani ƙauye na wannan yanki, na shiga aji shida. Na tarar malamin ya sa yara su rubuta labarin hanyar garinsu da Turanci. Ina cikin duba littattafai sai na ga wani yaro ya rubuta, “Our road is as rough as sandpaper.” Ma'anar wannan ita ce, hanyarmu tana da kaushi kamar samfefa. Rubutunsa kyakkyawa ne, bai kuma kuskure harafi ko ɗaya ba.

Na kira shi na ce, “Yaro, ka taɓa ganin samfefa?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ban taɓa gani ba. A littafi na ga maganar, na haddace.”

Na ce, “To, yaya hanyar taku take?”

Ya ce, “Duk ramuka ne da kwazazzabai. Da damina ko amalanke da ƙyar take bi.”

Sai muka aiki wani yaro wurin kafinta ya aro mana guntun samfefa. Aka bi da ita layi-layi, kowa ya shafa. Sa'an nan na tambaye su ko ta yi kama da hanya mai ramuka. Duk suka yi dariya, suka ce ko kaɗan. Gani ya kori ji. Yaron nan ya gina jimlarsa daidai, amma abin da ya faɗa bai dace da hanyarsu ba. Wanda ya karanta labarinsa a Kano ko a Ikko zai zaci hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, tsakuwa ce kawai a bisanta, alhali kuwa mota ma ba ta iya bin ta. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana muku wannan magana sosai, domin ku san inda ake sa ta da inda ba a sa ta.

Mene ne kamance?

Idan kana so ka bayyana wa mutum abin da bai gani ba, sai ka ɗauko abin da ya sani ka gwada masa. Wannan shi ake kira kamance. Kullum muna yinsa ba mu ma lura ba. Mukan ce abu yana da zaƙi kamar zuma, ko ɗaci kamar maɗaci, ko baƙi kamar gawayi. Kowane kamance yana da ƙafa uku, kamar murhu. Akwai abin da ake magana a kansa, akwai abin da aka gwada shi da shi, akwai kuma halin da ya haɗa su. Idan aka ce, “Rigar Malam fara ce kamar auduga,” riga ita ce ta farko, auduga ta biyu, fari kuwa shi ne ya haɗa su. In ɗaya daga cikin duwatsun murhu ya kauce, kun san tukunya ba ta zama.

Turawa ma suna da nasu kamance masu yawa, waɗanda suka gada kaka da kakanni. Wanda yaron nan ya ɗauko ɗaya ne daga cikinsu. Kafin mu iya aiki da shi, lalle ne mu san abin da aka yi kamancen da shi.

Mece ce samfefa?

Kalmar samfefa daga Turanci muka aro ta, kamar yadda muka aro tebur da benci da fensir. A Turanci kalmomi biyu ne aka haɗa suka zama ɗaya: “sand”, watau yashi, da “paper”, watau takarda. Takarda ce mai kauri, ko ƙyalle mai ƙarfi, wadda aka shafa wa gam a gefe ɗaya, aka barbaɗa mata ƙananan ƙwayoyi masu kaifi. Idan ta bushe sai kafinta ya riƙa goga ta jikin katako. Kowace ƙwaya tana kankare ɗan abin da ido ba ya gani, har katakon ya yi sumul. Bencin da kuke zaune a kai, da ba a goge shi ba, da sartse ya dame ku.

Ko da yake sunanta takardar yashi, yanzu ba safai ake yin ta da yashi ba. A shekarar 1833 wani mutum mai suna John Oakey ya kafa sana'ar yin irin wannan takarda a birnin Landan, da garin kwalba yake yin tasa. A 1921 kamfanin 3M na Amurka ya fara sayar da wata iri wadda ruwa ba ya ɓata ta, ita ce masu gyaran jikin mota suke tsomawa a ruwa suna goge ƙarfe kafin su yi fenti. Yawancin wadda ake sayarwa a kasuwanninmu da waɗansu ƙwayoyi ake yin ta masu tauri ƙwarai, waɗanda ake sarrafawa a masana'anta.

In kun juya bayan samfefa za ku ga lamba. Ƙaramar lamba, kamar 40 ko 60, tana nuna manyan ƙwayoyi da kaushi mai yawa. Lamba 120 matsakaiciya ce. Daga 220 zuwa sama ƙwayoyin ƙanana ne, har akwai mai lamba 1000, wadda in ka shafa da ƙyar za ka ji kaushinta. Kafinta yakan fara da mai ƙaramar lamba, ya ƙare da mai babba.

Tun kafin a kawo samfefa, mutanen Afirka suna da dabararsu. A ƙasashen kurmi akwai wani itace dangin ɓaure, ganyensa yana da kaushi ƙwarai, da shi ake goge akushi da ƙwarya da sauran kayan sassaƙa. Ko ɓauren da muke da shi a nan, in kun shafa ganyensa za ku ji yana kama yatsa.

To, ku riƙe wannan da kyau. Samfefa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da rami, ba ta da tudu. Kaushinta na ƙananan ƙwayoyi ne, wanda hannu yake ji in ya shafa.

Kalma ɗaya, ma'ana da yawa

Abin da ya ruɗe yaron nan shi ne kalmar “rough”. Wannan kalma ɗaya ce a Turanci, amma tana ɗauke da ma'anoni da yawa, waɗanda mu a Hausa kowace muka ba ta sunanta dabam. Ga kaɗan daga ciki.

Idan fata ce ko bango ko katako, mu sai mu ce kaushi. Idan hanya ce mai ramuka da tuddai, mu ce gargada. Idan gulbi ne ya cika yana tumbatsa, igiyar ruwa tana wasa da jirgi, mu ce ruwa ya yi hauka. Idan yara suna wasa suna ture juna, mu ce wasan ƙarfi. Idan aiki ne aka yi shi da gaggawa kafin a sake shi da kyau, mu ce gwaji ne, ko aikin sama-sama. Duk waɗannan Bature yana iya kiransu “rough”.

Samfefa kuwa da ma'ana ta farko kaɗai ta dace, watau kaushi. Saboda haka da yaron ya tsaya ga “Our road is rough”, da ya yi daidai, gama hanya mai gargada haka ake faɗinta. Ƙarin da ya yi ne ya ɓata maganar. In yana so ya ƙara bayani, sai ya ce, “It is full of holes”, watau cike take da ramuka.

Ga dabara mai sauƙi. Duk sa'ad da za ka rubuta wannan kamance, ka fara tambayar kanka da Hausa: abin nan kaushi gare shi, ko gargada? In kaushi ne, rubuta. In wani abu ne dabam, bar samfefa wurin kafinta. Kun ga ashe sanin Hausa sosai yana taimakon mai koyon Turanci.

Inda kamancen ya dace

Abubuwa masu kaushi suna kewaye da ku. Na farko tafin hannun manomi. Wanda ya yi damina yana riƙe da fartanya da galma, fatar hannunsa takan yi kauri ta yi kanta, domin ta kare naman da ke ciki. Na biyu fatar jiki da hunturu. Iskar nan busasshiya da take busowa daga hamadar Sahara, tun daga wajen Nuwamba har Fabrairu, tana tsotse laimar fata, sai ƙafa da hannu su yi kaushi, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Don haka ne iyaye suke shafa wa yara man kaɗanya. Na uku harshen kyanwa da na saniya. Wanda maraƙi ya taɓa lasar hannunsa ya san wannan. A bisa harshen kyanwa akwai ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa, irin abin da aka yi farce da shi, da su take tsefe gashinta. Na huɗu bangon siminti wanda ba a goge shi ba.

Turawa kuma sukan kai wannan kamance ga murya da maƙogwaro. Wanda mura ta kama shi, ko ya yi ta kira har muryarsa ta dushe, ana iya cewa muryarsa ta zama kamar samfefa. Mu ma ai mukan ce kakkausar murya. A nan Hausa da Turanci sun yi tafiya tare.

Wani yaro mai kaifin hankali ya tambaye ni ran nan, ya ce, “Malam, to, kwalta fa? Na faɗi a kanta ta kurje mini gwiwa.” Na ce tambayarsa ta yi kyau. In fuskar kwalta kake nufi, wadda ta kurje ka, kamancen ya dace, gama kaushi ne ya yi aikin. In ramukan hanya kake nufi, bai dace ba. Abin lura shi ne halin da kake son nunawa.

Yadda ake gina jimlar

Bayan ma'ana sai gini. Akwai ƙa'idodi biyar da ya kamata ku kiyaye.

Ta farko, kalmar “as” sau biyu take zuwa, ɗaya gaban “rough”, ɗaya bayanta, kamar mangala a bisa jaki. A ce, “My hands are as rough as sandpaper.” Yara da yawa sukan rubuta “as rough like sandpaper”, domin a Hausa kalma ɗaya muke da ita, watau kamar. Wannan kuskure ne. In kana son “like”, sai ka sake gini ka ce, “My hands feel like sandpaper.” Kowanne daidai ne, amma ba a gauraya su.

Ta biyu, ba a sa “a” gaban “sandpaper”. A Turanci samfefa tana cikin abubuwan da ba a ƙidayawa, kamar ruwa da yashi da gishiri. In guntu ɗaya kake nufi sai ka ce “a piece of sandpaper”. Amma in da abin da ake ƙidayawa ka yi kamance, dole ka sa “a”, kamar “as rough as a cat's tongue”, watau kaushi kamar harshen kyanwa.

Ta uku, ka duba ko abu ɗaya kake magana a kansa ko da yawa. Hannu ɗaya, “My hand is”. Hannu biyu, “My hands are”. In labarin ya riga ya wuce, sai “was” ko “were”. Sauran kamancen ba ya sākewa.

Ta huɗu, ka daidaita abin da kake kamantawa. Ba mutum ne yake da kaushi ba, hannunsa ne. In ka rubuta cewa mahaifinka “is as rough as sandpaper”, mai karatu zai ɗauka kana nufin yana da kaushin hali, ga shi kuwa ka zagi mahaifinka ba da niyya ba. Ka ambaci hannun ko ƙafar da kake nufi.

Ta biyar, ka kula da haruffa. Ana rubuta “rough” da haruffa biyar, biyun ƙarshe kuwa, watau g da h, ana furta su kamar f. “Sandpaper” kalma ɗaya ce, ba a raba ta biyu.

Kamance iri uku

Malaman Hausa sun kasa kamance kashi uku. Akwai na daidaito, inda abubuwa biyu suka yi kai ɗaya. Akwai na fifiko, inda na farko ya fi na biyu. Akwai na kasawa, inda na farko bai kai na biyu ba. A Turanci ma haka ne.

Na daidaito shi ne wanda muka gani: “as rough as sandpaper”, kaushi kamar samfefa. Na fifiko shi ne “rougher than sandpaper”, ya fi samfefa kaushi. Na kasawa shi ne “not as rough as sandpaper”, bai kai samfefa kaushi ba. Ku lura, “than” abokiyar “rougher” ce, “as” kuwa abokiyar “rough”. Kada ku ce “as rough than”, kada kuma ku ce “more rougher”, gama wannan kamar mutum ya sa hula biyu ne a kai ɗaya.

In da Hausa kake rubutu

Kamance don mai karatu ake yinsa. In bai san abin da ka gwada masa ba, ka ƙara masa duhu ne kawai. Turawa sukan ce abu fari ne kamar dusar ƙanƙara, domin tana sauka a ƙasarsu da lokacin sanyi, kowane yaro ya san ta. Yaron Dogon Daji kuwa auduga ya sani da nono da farin wata. Saboda haka in da Hausa kake rubutu, ba lalle ne ka juyo kamancen Turawa ba. Duba abin da ke gidanku. Kana iya cewa kaushi kamar dutsen niƙa, ko kamar magagarin maƙeri, ko kamar bayan kada, ko kamar dutsen goge ƙafa. In laushi kake son nunawa, ga fatar jar akuyar Sakkwato, wadda majema suke jemewa da bagaruwa. Tun zamanin da fatake suke ƙetare hamada da ita, har ta yi suna a ƙasashen Turai saboda kyanta.

Nan ma sai da zaɓe. Bayan kada yana da manyan ɓawo da tuddai, samfefa tana da ƙananan ƙwayoyi. Bawon tsohon itace ya fi kama da bayan kada. Leɓen da hunturu ya busar ya fi kama da samfefa. Mai rubutu na kirki yakan tsaya ya auna kafin ya zaɓa.

Abu na ƙarshe, kada ku cika kamance a rubutu. Kamance kamar gishiri yake a miya, kaɗan ya isa, in ya yi yawa sai a ture ƙwarya. Guda ɗaya mai kyau a shafi ya fi goma da aka haddace aka zuba barkatai. Akwai kuma wuraren da ba a bukatarsa sam, kamar takardar neman aiki ko amsar lissafi. Wurinsa shi ne labari da bayanin abin da ka gani ko ka taɓa.

Da muka gama wannan bayani a ajin nan, na ce wa yaron ya sake gwadawa, ya rubuta abin da ya taɓa da hannunsa. Ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya rubuta, “After the harvest, my father's hands were as rough as sandpaper.” Watau bayan kaka hannuwan mahaifina sun yi kaushi kamar samfefa. Na tambaye shi yadda ya sani. Ya ce ranar da aka gama ɗaure dammunan gero mahaifinsa ya shafa masa kai, ya ji hannun yana kama gashinsa, kamar yadda guntun nan na kafinta ya kama yatsansa yanzu. Malamin ya ɗauki jan biro ya ba shi maki cikakke. Muka sa aka mayar wa kafinta da kayansa, tare da godiya.

Tambayoyi

1. Waɗanne ne ƙafafu uku na kamance? Nuna su cikin wannan jimla: “Ruwan randa yana da sanyi kamar ƙanƙara.”
2. Yaya ake yin samfefa, kuma mene ne amfaninta?
3. Wace ta fi kaushi, mai lamba 60 ko mai lamba 220?
4. Don me bai dace a kamanta hanya mai ramuka da samfefa ba?
5. Gyara waɗannan: “Her feet is as rough like sandpaper.” “The wall is as rough as a sandpaper.” “This stone is more rougher than that one.”
6. Rubuta kamance uku da Hausa a kan kaushi: ɗaya na daidaito, ɗaya na fifiko, ɗaya na kasawa.

Aiki

Nemi abubuwa biyar a gida ko a gona, ka shafa kowanne da hannunka. Jera su daga mafi kaushi zuwa mafi laushi, sa'an nan ka rubuta jimla ɗaya a kan kowanne, da Hausa da Turanci, ka kawo wa malaminku gobe.